Koren Rini Mai Haske Da Ke Nuna Wa Likita Hanya A Aikin Sankarar Mama

Sankarar mama cuta ce da ke kama nonon mace. Wasu suna kiranta ciwon daji, wasu kuma kansa. Tana cikin birni, tana cikin ƙauye. Ba ta ƙyale mai kuɗi ba, ba ta ƙyale talaka ba. Matan Wonaka da Mada da Rijiya, da na ƙasar Tsafe da Bunguɗu, tana iya samunsu kamar yadda take samun matan Ikko ko na Ingila.

Babban maganinta shi ne tiyata. Likita yakan cire ƙullutun, ko ya cire nonon gaba ɗaya. Amma aikin bai tsaya ga nono ba. Dole ne likita ya duba hammata, domin nan ne cutar take fara zuwa idan ta bar nono.

A da, duba hammata yana nufin a kwashe duk abin da ke cikinta. Wannan yakan bar mata da yawa da kumburin hannu har ƙarshen rayuwarsu. Yanzu likitoci sun samo wata dabara. Suna zuba wani koren rini a cikin nono, su haska shi da fitila ta musamman. Rinin sai ya nuna musu daidai inda za su yanka. Dabarar tana kare hannun mace. Sai dai tana da sharaɗi guda: mace ta zo asibiti da wuri.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 ne aka samu da sankarar mama a duniya. A wannan shekarar ta kashe mutum 670,000. A Nijeriya kaɗai an ƙiyasta cewa ta kama mata fiye da 32,000 a 2022, ta kashe fiye da 16,000. Ita ce sankarar da ta fi kowace yawa a tsakanin matan ƙasar nan.

Ba a ɗaukar wannan cuta daga wani. Cin abinci tare da mai ita, ko kwana ɗaki ɗaya, ba ya sa a kamu. Ba sammu ba ce, ba kuma aikin kishiya ba ne. Wasu ƙwayoyin naman nono ne suke lalacewa, su riƙa hayayyafa ba tsayawa, har su zama ƙullutu. Tana yawaita yayin da mace ta manyanta. Wani lokaci takan bi dangi. Maza ma tana kama su, amma ba su wuce mutum ɗaya a cikin ɗari na masu cutar ba.

A ƙasashen da mata suke zuwa asibiti da wuri, mafi yawansu suna rayuwa. A Nijeriya kuwa, kimanin mata bakwai a cikin goma, ko fiye, ba sa zuwa sai cutar ta yi nisa. Shi ya sa mutuwar ta yi yawa.

Mece ce kaluluwa?

Kowa ya san kaluluwa. Idan ƙaya ta soki mutum a ƙafa, wurin ya ruɓe, sai ya ji wani abu ya kumbura a matsematsinsa. Idan ciwon a yatsan hannu yake, sai kumburin ya fito a hammata. Wannan ita ce kaluluwa.

Abin da yake kumbura wasu 'yan ƙwayoyi ne masu kama da wake. Suna nan a jikin kowa, ko da ba su kumbura ba. Akwai ɗaruruwansu a jiki: a wuya, a hammata, a ƙirji, a ciki da matsematsi. A hammata ɗaya akan sami kamar 20 zuwa 40.

Ban da jini, akwai wani farin ruwa da ke yawo a jikin mutum. Ya yi kama da ruwan da ake gani a cikin bororon ƙuna. Wannan ruwa yana bin wasu hanyoyi sirara kamar zare. Hanyoyin suna bi ta cikin ƙwayoyin kaluluwa. Aikin kaluluwa shi ne ta tace ruwan kamar rariya, ta kama ƙwayoyin cuta, kafin ruwan ya koma cikin jini.

Mafi yawan ruwan da ke fitowa daga nono hammata yake nufa. Ruwan da ke fitowa daga hannu shi ma ta hammata yake bi. Ke nan hammata mahaɗa ce ta nono da hannu. A riƙe wannan da kyau, domin a nan matsalar take.

Yadda ake yi a da

Idan ƙwayoyin sankara suka ɓalle daga ƙullutu, sukan bi wannan farin ruwa zuwa hammata. Likita yana bukatar ya san ko sun isa can ko ba su isa ba. Amsar ita ce za ta nuna irin maganin da za a ƙara wa mace bayan tiyata.

A shekarar 1894 wani likitan Amurka mai suna William Halsted ya bayyana irin aikin da yake yi. Yakan cire nono, da naman ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hammata. Likitocin duniya sun bi wannan hanya fiye da shekara 70. Daga baya aka daina cire naman ƙirji, amma aka ci gaba da kwashe hammata.

Kwashe hammata yana da illa. Idan aka cire ƙwayoyi goma ko ashirin, an yanke hanyar da ruwan hannu yake bi. Ruwan sai ya taru. Hannu ya kumbura, ya yi nauyi. Kafaɗa ta sage. Wata macen takan ji fatar damtsenta ta mutu. Bincike ya nuna kusan mace ɗaya a cikin biyar da aka kwashe wa hammata tana samun wannan kumburi. Ana iya rage shi, amma da wuya ya warke sarai.

Ga macen karkara, hannu shi ne jari. Da shi take daka da surfe. Da shi take jan guga, ta tuƙa tuwo, ta murza ƙuliƙuli, ta ɗauki goyo. Abin takaici, mata da yawa da aka kwashe wa hammata, da aka auna ƙwayoyin sai aka ga babu cuta a cikinsu. Sun sha wahalar hannu a banza.

Kaluluwar farko

Likitoci suka yi tunani. Ruwan nono ba ya shiga dukkan ƙwayoyin hammata lokaci ɗaya. Akwai wadda yake fara isa, sannan ya wuce zuwa sauran.

Mai noman rani ya san wannan. Idan ya saki ruwa a lambu, akwai fangalin da ruwan yake fara shiga. Sai ya cika sannan ruwa ya wuce na gaba. Idan aka duba fangalin farko aka gan shi a bushe, ba sai an zaga sauran ba. An san ruwa bai je can ba.

Haka abin yake a hammata. Ƙwayar da ruwan nono yake fara isa ita ake kira kaluluwar farko, ko kaluluwa mai gadi. Wani lokaci guda ɗaya ce. Wani lokaci biyu ne ko uku. Idan aka cire ta aka auna, aka ga babu sankara a cikinta, to galibi sauran ma lafiyarsu lau. Sai a bar su a wurinsu.

An gwada wannan a kan mata 5,611 a Amurka da Kanada. Sakamakon ya fito a shekarar 2010. Matan da kaluluwarsu ta farko ba ta da cuta aka bar musu sauran, sun rayu daidai da waɗanda aka kwashe wa duka. Kumburin hannu kuma ya ragu ƙwarai. Da wannan ƙaramin aiki, kimanin mace ɗaya a cikin ashirin ce take samun kumburin.

To, yaya za a gane ta?

Ƙwayoyin kaluluwa a binne suke cikin kitse. Duk kamarsu ɗaya. Ido ba zai iya bambanta ta farko da ta goma ba. Dole a sa wata alama a cikin ruwan, a bi ta a ga inda ta tsaya.

Hanya ta farko ita ce wani magani mai tururin nukiliya kaɗan. A shekarar 1993 likita David Krag na Amurka ya nuna amfaninsa a aikin nono. Ana yin allurarsa a nono. Likita ya bi hammata da wata na'ura mai ƙara. Inda ƙarar ta yi ƙarfi, nan ƙwayar take. Hanyar tana da kyau, amma tana da wuya. Maganin yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan awa shida, saboda haka ba ya ajiyuwa. Yana bukatar sashe na musamman da ma'aikata na musamman. A Nijeriya asibitoci ƙalilan ne suke da irin wannan sashe, kamar na Ibadan da na Abuja.

Hanya ta biyu ita ce shuɗin rini. A shekarar 1994 likita Armando Giuliano, shi ma na Amurka, ya bayyana aikinsa da shi. Ana yin allurar rinin a nono. Sai ya bi hanyar ruwa, ya rine kaluluwar farko ta zama shuɗiya kamar zanen da ya fito daga marina. Shuɗin rini yana da araha, ba ya bukatar na'ura. Shi ya sa ake amfani da shi a ƙasashe marasa ƙarfi. Matsalarsa ita ce ba a ganinsa ta saman fata. Sai likita ya yanka ya nema, kuma wani lokaci ba ya samu.

Koren rini mai haske

Hanya ta uku ita ce koren rini. Sunansa indosayanin. Likitoci suna taƙaita sunan su ce ai-si-ji. Ba sabon magani ba ne. Kamfanin Kodak mai yin kayan hoto ne ya haɗa shi a shekarar 1955. A 1959 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da shi a jikin mutum. An daɗe ana auna aikin hanta da na zuciya da shi, ana kuma ɗaukar hoton jijiyoyin ido.

Wannan rini yana da wata baiwa. Idan aka haska shi da wani irin haske, sai shi ma ya fitar da nasa hasken. Amma idon ɗan Adam ba ya ganin hasken. Sai kyamara ta musamman.

Akwai misalin haka a gida. Abin canja tasha na talabijin, wato rimot, yana da ɗan ƙwai a bakinsa. Idan aka danna, ido ba ya ganin komai. Amma idan aka kalle shi ta kyamarar wayar hannu, a wayoyi da yawa za a ga yana walƙiya. Hasken da ake amfani da shi a ɗakin tiyata ɗan'uwan wannan ne. Amfaninsa shi ne yana iya ratsa fata da kitse kaɗan, kamar santimita ɗaya zuwa biyu, wato faɗin yatsa.

A shekarar 2005 wasu likitocin Japan, a ƙarƙashin likita Toshiyuki Kitai, suka ba da labarin gwajin da suka yi. Sun yi amfani da koren rinin a kan mata 18 masu sankarar mama. Sun gano kaluluwar farko a jikin 17 daga cikinsu. Daga nan dabarar ta bazu zuwa Turai da Sin da Amurka da sauran ƙasashe.

Yadda aikin yake tafiya

Ana yin aikin ne a ranar da za a cire ƙullutun. Da farko ana ba mace maganin barci. Ba za ta ji komai ba.

Rinin gari ne a cikin 'yar kwalba. Ana dama shi da ruwan allura mai tsabta. Likita ya yi allurar ɗan kaɗan a ƙarƙashin fata, kusa da baƙin da ya kewaye kan nono. Sannan ya murza wurin a hankali.

Bayan 'yan mintoci sai a kawo kyamara mai fitila a kan ƙirjin. A kan allo mai kama da talabijin za a ga wani layi mai haske yana tafiya daga nono zuwa hammata. Wannan ita ce hanyar ruwan. Likita yana bin layin, yana sa alama a kan fata. Inda layin ya nutse, nan zai yanka. Yankan ƙarami ne.

Da ya buɗe, sai ya sake haskawa. Kaluluwar farko za ta fito fili tana ƙyalli a kan allo. Ya cire ta. Ya sake dubawa ko akwai wata mai haske. Galibi ƙwaya ɗaya zuwa huɗu ake cirewa.

Daga nan sai a kai su ɗakin awo. Masani ya yanka su sirara, ya duba da madubin likita. A lura da kyau: rinin ba ya nuna cewa akwai sankara. Hanya kawai yake nunawa. Awo ne yake faɗin ko akwai cuta ko babu. Idan babu, an gama da hammata. Idan akwai, likitoci za su duba yawanta. Wata macen za a ƙara mata aiki. Wata kuma za a gasa wurin da na'ura, ko a ba ta magani.

Rinin ba ya zama a jiki. Hanta ce take kwashe shi, ya fita ta hanji.

Amfaninsa da iyakarsa

Koren rini ba shi da tururin nukiliya. Garinsa yana ajiyuwa. Likita yana ganin hanya tun kafin ya sa wuƙa. A gwaje-gwaje da yawa an gano kaluluwar farko a jikin fiye da mata tara cikin goma. Wasu likitoci suna haɗa shi da shuɗin rini don ƙarin tabbaci.

Amma komai yana da iyaka. Kyamarar tana da tsada, kuma tana bukatar wutar lantarki da likitan da ya koyi aiki da ita. Ba kowane asibiti ne yake da ita ba. Idan mace tana da ƙiba sosai, ƙwayar takan yi zurfi, haske ya kasa kaiwa. Wani lokaci kuma, ko da an bi ƙa'ida, cuta takan tsallake ta farko ta ɓuya a wata. Don haka dole mace ta riƙa komawa asibiti a ranakun da aka sa mata.

Akwai sinadarin aidin a cikin rinin. Macen da jikinta ba ya karɓar aidin ta gaya wa likita. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma su faɗa. Idan shuɗin rini aka yi amfani da shi, fitsari yakan canja launi na kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba abin tsoro ba ne.

Wace mace ce za ta amfana?

Nan ne zancen yake. Wannan ƙaramin aiki na macen da cutarta ba ta yi nisa ba ne. Wato ƙullutun bai girma ainun ba, kuma likita ya taɓa hammata, ya ɗauki hoto, bai ga kaluluwa ta kumbura ba.

Idan mace ta zo hammata ta riga ta cika da ƙulle-ƙulle masu tauri, babu sauran neman ta farko. Ruwa ya riga ya malale lambu. Idan nono ya fashe ya zama gyambo, haka nan. A irin wannan hali akan fara ba da magani mai ƙarfi ta jijiya don a rage cutar. Bayan haka, yawanci sai an kwashe hammata.

Ke nan kyamara komai kyanta ba za ta taimaki wadda ta makara ba. Macen da ta zo da wuri kuwa, ko asibitin ba shi da koren rini, tana da hanyoyi da yawa. Ana iya amfani da shuɗi. Ana iya tura ta inda ake da kayan aiki. Wani lokaci ma ba sai an cire nonon duka ba. Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Alamomin da za a lura da su

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya kamata kowace mace ta san yadda nononta yake. Ta riƙa shafa shi da tafin yatsu sau ɗaya a wata, bayan ta gama al'ada. Lokacin wanka ya fi sauƙi. Ta shafa har cikin hammata. Ta je asibiti idan ta ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ƙullutu a nono ko a hammata, ko da ba ya ciwo.

Kan nono ya shige ciki, alhali da ba haka yake ba.

Jini ko wani ruwa yana fita daga kan nono.

Fatar nono ta loɓa, ko ta yi kauri kamar ɓawon lemo.

Nono ɗaya ya canja girma ko siffa.

Ƙurji ko gyambo a nono da ya ƙi warkewa.

Sankara a farkonta galibi ba ta ciwo. Wannan shi yake yaudarar mata. Sai su ce tunda ba ya ciwo, ba komai. Haka kuma mafi yawan ƙullutun nono ba sankara ba ne. Mai shayarwa takan sami kumburi mai zafi saboda nono ya toshe. Amma idan an sha magani kumburin bai baje ba, a koma asibiti. Awo ne kaɗai yake raba gardama.

Akwai masu cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Wannan magana ta jawo asarar rayuka. Allurar da ake ɗebo ɗan nama da ita don awo ba ta watsa cutar. Jinkiri ne yake watsa ta. Tsaga da ƙaho da shafe-shafe suna cin lokaci da kuɗi, kuma suna iya mai da wurin gyambo. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

Daga Wonaka, ina za a nufa?

Matakin farko shi ne asibitin da ya fi kusa. Ma'aikaciyar lafiya za ta duba. Idan ta ga abin da ba ta gamsu da shi ba, za ta ba da takardar turawa.

A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, akwai kuma Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. A can ne likitan tiyata zai duba, ya sa a ɗauki hoto, a ɗebi nama don awo. Idan ana bukatar ƙarin aiki, akan tura mara lafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ta hanyar Bunguɗu da Talatar Mafara. Ko kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya, ta hanyar Tsafe da Funtuwa. Dukansu biyu suna da sashen kula da masu sankara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shirinta na 2021 cewa daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti zuwa ranar da aka gama awo, kada a wuce kwana 60. Saboda haka kada a ce sai bayan kaka, ko sai an yaye yaro.

Tafiya tana da wuya. Ga kuɗin mota, ga matsalar tsaro a hanya. A yi tafiya da rana. A tafi da duk takardun asibiti a cikin leda ɗaya. A karɓi lambar wayar sashen da ake zuwa, don kada a yi zuwan banza. Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun taimaka wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Asibitin Shika yana cikin guda shida da aka fara da su. A tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti yadda ake nema.

Tambayoyin da za a yi wa likita

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a sa hannu a takardar tiyata, mace ko mijinta ko ɗanta su yi waɗannan tambayoyi:

Cutar tana mataki na nawa?

Ta kai hammata ko ba ta kai ba?

Za a cire kaluluwar farko ce kawai, ko za a kwashe duka? Me ya sa?

Da wane rini za a yi aikin? Idan babu shi a nan, ina ake yi?

Wane magani za a ƙara bayan tiyata, kuma nawa zai ci?

Wanda ya iya karatu da rubutu ya rubuta amsoshin. Ga amfanin ajin yaƙi da jahilci nan. Mai karatu shi zai karanta ranar komawa asibiti, ya karanta ƙa'idar shan magani.

Idan an riga an kwashe hammata

Wadda aka yi wa babban aiki kada ta karaya. Mata huɗu cikin biyar ba sa samun kumburin. Ta riƙa motsa hannu da kafaɗa kamar yadda aka koya mata a asibiti. Ta koma aiki sannu a hankali. Ta kiyaye hannun daga yanka da ƙuna da ƙaya. Ta riƙa shafa mai kada fata ta tsage. Kada ta sa awarwaro ko zobe mai matsewa a wannan hannu. Idan hannun ya yi ja, ya yi zafi, ko ya fara nauyi, ta je asibiti nan da nan. Kumburin da aka tara da wuri ya fi jin magani.

Aikin kowa ne

Mata da yawa suna ɓoye ƙullutu saboda kunya. Wasu saboda tsoron kada miji ya guje su. Wasu saboda ba su da kuɗin mota, ba su kuma sami izinin fita ba. A nan maigida yake da babban aiki. Buhun masara ɗaya da aka sayar yau don zuwa Gusau zai iya hana sayar da gona gobe. Uwar miji da ungozoma da malamar Islamiyya su ma su sa baki. Liman da mai unguwa su yi bayani a wurin taro.

Zamfara ba baƙuwa ba ce a wannan yaƙi. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, 'yar asalin Shinkafi, ta kafa gidauniyar yaƙi da sankara mai suna Medicaid. A shekarar 2024 aka zaɓe ta ta zama shugaba mai jiran gado ta babbar ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya. Ita ce ta farko daga Afirka da ta sami wannan matsayi.

Watan Oktoba na kowace shekara shi ne watan faɗakarwa kan sankarar mama. Amma ƙullutu ba ya jiran Oktoba. Duk wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa matan gidansu. Macen da ta ji wani abu a nononta ko a hammatarta ta faɗa yau, a kai ta asibiti a cikin makon nan. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, amin.